Tsargiyar Hanji da Tabon da Take Bari

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwanmu ɗalibi ya yi a gaban taron ɗalibai da matasan ma'aikata a Unguwa Uku, Kano, lokacin dogon hutu. Mun buga shi kamar yadda ya karanta.



 Tun da fari ina neman gafara, domin maganar da zan yi ba mai daɗin ji ba ce. Magana ce ta hanji da bayan gida da jini, abubuwan da Bahaushe ba ya son ambatonsu a bainar jama'a, balle a gaban na gaba da shi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni ba likita ba ne, ɗalibi ne kamar yawancinku. Abin da zan faɗa na tsinto shi ne daga bakin malamaina da littattafan karatu, sa'an nan da abin da idona ya gani a cikin gidanmu.

Ina da wani ɗan baffana wanda ya girme ni, a nan Unguwa Uku muka tashi tare. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake bin manya zuwa aikin shinkafa a ƙasar Kura. Ya hau mota a nan bakin titin Zariya, ya yi makonni a can, ya dawo da ɗan abin da ya samu. Ana nan sai ya fara kukan ciwon ciki, da zawo mai zuwa yana tafiya, wani lokaci da majina, wani lokaci da ɗigon jini. A gida aka ce basir ne, aka shiga jiƙe-jiƙe. Mai sayar da magani da lasifika ya ce shi ma basir ne, kuma yana da maganinsa sadidan. A wani kemis aka ce atini ne, aka ba shi ƙwayoyi, ya ji sauƙi mako guda, abin ya dawo. Haka aka yi ta yi har wajen shekara takwas. Daga baya ya ɗashe, ya rame, hannu da ƙafa suka sirance, ciki kuwa ya riƙa girma. Wata rana bayan sallar asuba sai ya yi aman jini, har muka fid da rai. A asibiti aka yi masa ƙarin jini, aka ɗauki hoton cikinsa, aka gwada bayan gidansa. Likitan ya ce tsargiya ce ta hanji, ta riga ta taɓa hanta. Ya ƙara da wata magana da har yau ba ta bar kunnena ba: da an zo tun shekarun farko, 'yan ƙwayoyin da ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba sun isa. Yau yana raye, alhamdu lillahi, amma ya bar aikin ƙarfi, kuma shi da asibiti sai abin da Allah ya yi. Dalilin tsayuwata a gabanku ke nan.

Tsargiya iri biyu ce

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san tsargiya: yaro ya yi fitsari, a ƙarshensa jini ya biyo baya. Saboda yawanta har wasu iyaye suka ɗauke ta alamar balaga, wasu kuma suka ce zafin rana ne. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne tana da 'yar'uwa, wadda ba ta zama a wajen mafitsara, sai a cikin jijiyoyin jinin da ke kewaye da hanji. Ta fitsari tana tona asirin kanta, gama jini a fitsari ba ya ɓoyuwa. Ta hanji kuwa tana fakewa a bayan sunayen wasu cututtuka, shi ya sa ta kan daɗe tana ɓarna ba a gane ta ba.

Dukansu biyu tsutsa ce ke kawo su. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganinta a 1851 sa'ad da yake binciken gawa a asibitin Kasr al-Aini na Alƙahira, daga sunansa ne kuma aka sami kalmar bilharziya. A 1902 Patrick Manson ya lura da ƙwan da ƙayarsa take a gefe cikin bayan gidan wani majinyaci, alhali wanda aka saba gani a fitsari ƙayarsa a ƙarshe take. A 1907 aka raɗa wa wannan iri na biyu sunansa, watau mansoni. A 1915 kuma Robert Leiper ya tabbatar a Masar cewa kowane iri yana da tasa katantanwar ruwa da yake bi kafin ya shiga mutum. Cutar ba sabuwa ba ce, domin a 1910 an sami ƙwanta a cikin ƙodar gawarwakin Misirawan da aka adana tun kimanin shekara dubu uku da suka wuce.

Yadda take shiga jiki

Mai ɗauke da cutar ya yi bayan gida a bakin ruwa, ko a inda ruwan sama zai wanke ya kai rafi. A cikin wannan ƙazanta akwai ƙwai, wanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Da ya taɓa ruwa sai ya ƙyanƙyashe, wata mitsitsiyar halitta ta fito tana iyo. Ita ba ruwanta da mutum, katantanwa take nema, kuma ba kowace iri ba: wata 'yar ƙarama ce mai faɗi, a naɗe kamar gammo, ba ta fi farcen babban yatsa girma ba. In ba ta same ta cikin yini guda ba, sai ta mutu. In ta same ta kuwa, sai ta shige jikinta ta yi ta hayayyafa har mako huɗu zuwa shida. Daga wannan guda ɗaya sai dubbai su riƙa fitowa cikin ruwa, kowace da wutsiya mai reshe biyu. Sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke faɗawa ruwa don su sha iska, manomi kuma yana tsaye cikin fadamarsa.

Ba sai mutum ya sha ruwan ba, kuma ba sai yana da rauni ba. Cikin 'yan mintoci suke huda lafiyayyar fata su shige, iyakar abin da za a ji ɗan ƙaiƙayi ne. Jini ya ɗauke su ya bi da su ta huhu, ya kai su hanta, a nan su girma su zama tsutsotsi masu tsawon kimanin santimita ɗaya. Namijin yana da wani kwari a tsawon jikinsa inda yake rungume macen, sa'an nan su gangara tare zuwa ƙananan jijiyoyin babban hanji su zauna. Kimanin mako shida bayan shiga ruwa, macen ta fara saka ƙwai.

Ina so ku riƙe abu biyu a nan. Na ɗaya, ba a ɗaukar wannan cuta daga jikin mutum kai tsaye, tilas sai ta bi ta ruwa da katantanwa. Na biyu, tsutsar ba ta ƙaruwa a cikin jikinmu. Kowace ɗaya da ke cikin mutum daga ruwa ta shigo. Watau yawan shiga ruwa shi ne yawan tsutsa, yawan tsutsa kuma shi ne yawan ƙwai.

Ƙwai ne ke yin ɓarna

Wannan shi ne zuciyar maganata, sai ku ba ni aron hankalinku. Tsutsar da kanta ba ta cika cutarwa ba. Tana lulluɓe jikinta da wasu abubuwa daga jinin mai ita, har sojojin jiki su kasa gane baƙuwa ce, ta yi zamanta shekara uku zuwa biyar, wata ma an san ta kai talatin. Ƙwanta shi ne masifa.

Mace guda tana saka ƙwai kimanin 300 kowace rana. A shekara ke nan ƙwai 109,500, a shekara biyar kuwa ya wuce rabin miliyan. Wannan fa na mace ɗaya ne. Wanda yake ɗauke da mata hamsin, kullum ta Allah ana zuba masa ƙwai 15,000 a cikin jijiya. Kowane ƙwai yana bukatar ya fita daga jijiyar, ya ratsa bangon hanji, ya faɗa cikin bayan gida, domin ta nan ne kaɗai zai kai ga ruwa. To, ƙwai ba shi da ƙafa. Dabararsa ita ce ya riƙa fitar da wani ruwa mai tsokanar nama. Sojojin jiki, watau fararen ƙwayoyin jini, su ji tsokana su yi caa a kansa, su kewaye shi, su yi ƙullutu wanda ya ninka ƙwan girma. Wannan kumburi ne ke tausasa naman wurin har ƙwan ya sami hanya ya fice. Ashe da ƙarfinmu yake fita.

Amma ba dukansu ke fita ba. Kusan rabi suna maƙalewa a bangon hanji, ko jini ya kwashe su ya yi gaba da su. Wanda ya maƙale ya yi 'yan makonni ya mutu, ƙullutun da ke kansa ya riƙa motsewa, jiki ya cike gurbin da wani farin nama mai tauri mai kama da zare. Shi ne tabo. Ku tuna da ƙaya in ta karye a tafin ƙafa: wurin ya kumbura, ya yi zafi, daga baya ya warke ya bar kanta. Ƙaya ɗaya ba komai ba ce. To, yaya ƙafar da ake soka wa ƙaya dubu kowace rana har shekara goma?

A cikin shekarun 1960 wani masani Ba'amurke, Kenneth Warren, ya nuna ta hanyar gwaji a jikin ɓeraye cewa wannan ƙullutu aikin garkuwar jiki ne, ba cizon tsutsa ba. Daga baya kuma aka gano cewa ɓeran da jikinsa ya kasa yin ƙullutun ya fi saurin mutuwa, domin dafin ƙwan yana isa ga hanta ba tare da shamaki ba. Saboda haka jiki bai yi kuskure ba da ya kewaye ƙwan. Yana kare kansa ne daga halaka ta yau, amma kuɗin da yake biya shi ne tabon gobe.

Me wannan yake yi wa hanji? Lafiyayyen babban hanji abu ne mai taushi, yana miƙewa yana motsewa, yana tsotse ruwa daga abin da muka ci, yana tura saura waje. Idan ƙwai suka yi yawa a bangonsa, musamman can ƙasa kusa da dubura, sai fatar ciki ta yi ja ta kumbura, ta yi ƙananan gyambuna masu tsattsafar da jini. Daga nan ne zawo da majina da jini da murɗar ciki suke fitowa. A jikin wasu, ƙullutai sukan taru su yi tsiro mai lilo a cikin hanjin, abin da likitocin Masar suka daɗe da sani a wajen manomansu, kuma irin wannan tsiro yana zubar da jini da sinadarin gina jiki ba dare ba rana. Bayan shekaru, bangon hanjin ya yi kauri ya yi tauri kamar ƙirgi. Wani lokaci hanyar ta kan tsuke har bayan gida ya gagara, ko wurin ya yi dunƙule har a zaci ciwon daji ne.

Ga yara kuwa, ɓarnar ba ta ma jiran wannan matsayi. Jinin da ke tsiyaya kaɗan-kaɗan da kumburin da ba ya ƙarewa suna sa yaro ya ɗashe, ya tsumbure, ya riƙa gyangyaɗi a aji. Malam ya ce malalaci ne, uba ya ce ba shi da kai, alhali kuwa ana cinsa ne ta ciki.

A nan ya kamata mu bambance kumburi da tabo. Kumburi yana sauka idan aka kawar da abin da ya kawo shi. Sabon tabo ma jiki yana iya narkar da wani sashe nasa, musamman jikin yaro. Amma tsohon tabon da ya shekara da shekaru ya kafu, ba ya tafiya duka ko an kashe tsutsar. Saboda haka lokacin da aka sha magani yana da muhimmanci kamar maganin kansa.

Daga hanji zuwa hanta

Allah cikin ikonsa ya tsara jiki yadda duk jinin da ya fito daga hanji sai ya bi ta wata babbar jijiya ya ratsa hanta kafin ya koma zuciya. Ƙwan da ya kuɓuce daga bangon hanji, wannan jini ne ke kai shi hanta, ya maƙale a ƙananan rassan jijiyar. A can ma sai a sake abin da aka yi a hanji: ƙullutu, sa'an nan tabo. A 1904 wani likita a Alƙahira, William Symmers, ya kwatanta irin wannan hanta idan an yanka ta da cewa kamar an soka mata fararen karan lofe ta ko'ina.

Wanda ya taɓa ban ruwa ya san abin da ke faruwa in hanyar ruwa ta toshe: ruwan ya koma baya, ya nemi wata kafa. Haka jinin yake yi. Saifa ta cika ta kumbura, ruwa ya taru a ciki, jini kuma ya karkata ta wasu siraran jijiyoyi da ke ƙasan hanyar abinci, kusa da bakin tumbi, waɗanda ba a halicce su don ɗaukar wannan nauyi ba. Su yi ta kumbura, ranar da ɗaya ta fashe sai aman jini. Abin da ya sami ɗan baffana ke nan. Abin tsoron shi ne naman hantar kansa ya kan ci gaba da aiki, ido ba ya yin ɗorawa kamar na mai shawara, mutum yana harkokinsa har ranar da abin zai faru. Gaskiya ne ba kowane mai cutar ke kaiwa nan ba, kaɗan ne daga cikinsu, kuma sai bayan shekaru masu yawa. Amma waɗannan kaɗan ɗin yawanci su ne waɗanda suka fara shiga ruwa tun suna yara, kuma abin ya kan kama su ne a lokacin da iyali suka fara dogara da su.

Ina ruwan Unguwa Uku?

Wani zai ce, mu da muke cikin birni, ba kogi ba fadama, me ya haɗa mu da katantanwa? Tambaya ce mai kyau, kuma akwai gaskiya a cikinta. A ƙasar Kano tsargiyar fitsari ta fi ta hanji yawa nesa ba kusa ba. A 1988 wasu malaman nazarin halittu na Jami'ar Bayero sun buga sakamakon binciken da suka yi a kewayen madatsun ruwa na Tomas da Rimin Gado. Sun sami ta fitsari a jikin fiye da rubu'in waɗanda suka gwada, ta hanji kuwa ba su same ta a wuraren nan biyu ba. Dalili shi ne akwai katantanwar tsargiyar fitsari da ke iya shigewa cikin laka ta yi kwanton rani a kududdufin da ya ƙafe, ta farfaɗo da damina. Ta tsargiyar hanji kuwa ta fi son ruwan da ba ya ƙafewa, mai tafiya a hankali, mai ciyayi a gefe. A da irin wannan ruwa ba shi da yawa a ƙasarmu. Yanzu mun gina shi da hannunmu.

An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Baƙo, daga ita ne kuma ake ba gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam ruwa rani da damina. A 1992 aka ƙara ta Challawa. Ba wanda zai yi musun albarkar wannan aiki: shinkafa da alkama da tumatir da albasar da muke ci daga can suke, dubban gidaje kuma da shi suke rufa wa kansu asiri. Amma hanyar ruwan da ba ta bushewa, ga ciyawa, ga jama'a suna wanka da wanki da alwala a ciki, ga kuma gonaki ba masai, wannan shi ne gidan da katantanwar take nema. Daga nan inda muke zaune zuwa can bai kai tafiyar sa'a guda a mota ba. Ku tsaya bakin titin Zariya da sassafe ku ƙirga 'yan ƙwadago da almajirai da 'yan ci-rani da ke hawa mota zuwa aikin dashe da yankan shinkafa. Ku tuna kuma mu nawa ne a ɗakin nan muke zuwa ƙauye hutu mu faɗa ruwa. Katantanwar tana can, amma hanjin da ke ɗauke da tabon yana kwana a unguwarmu.

Abin da ya faru a ƙasar Sanagal ya isa ishara. A 1986 aka gama madatsar Diama a kan kogin Sanagal, wadda ta hana ruwan gishiri hawowa daga teku. Kafin nan ba a san tsargiyar hanji a garin Richard Toll mai gonakin rake ba. A 1988 aka ga masu ita na farko, cikin 'yan shekaru kuma sai ga fiye da rabin waɗanda ake gwadawa suna ɗauke da ita. Ba wanda ya yi nufin sharri. An dai yi lissafin ruwa da hekta da buhu, ba a sa katantanwa cikin lissafin ba.

Gwaji da magani

Kada wani ya fita daga nan ya ce duk jinin da aka gani a bayan gida tsargiya ce. Yana iya zama basir na gaskiya, ko atini, ko ciwon daji na hanji, kuma kowanne da nasa magani. Abin da nake cewa shi ne ido ba ya rarrabe su, sai gwaji. Gwajin kuwa ba mai wuya ba ne: ɗan bayan gida kaɗan ake shafawa a gilashi a duba da madubin likita, a ga ƙwan da ƙayarsa a gefe. Sai dai gwaji ɗaya yana iya kuskure shi, musamman in cutar ta tsufa, don haka a kan maimaita a ranaku dabam-dabam. In ana zaton ta yi nisa, a kan ɗauki hoton hanta da saifa, ko a leƙa cikin hanjin da na'ura. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, ga shi nan kusa da mu a kan titin Zariya. Wanda ya je ganin likita kuma ya taimake shi da labari: ya faɗa masa cewa yana aikin fadama, ko yana kamun kifi, ko ya yi wanka a dam, ko da shekarun baya ne.

Kakanninmu ba su yi sa'ar da muka yi ba. Daga 1918, sa'ad da aka fara amfani da ita a Kartum, maganin wannan cuta wata allura ce mai dafi da ake yi a jijiya har tsawon makonni. A Masar an yi wa miliyoyin mutane ita tsakanin shekarun 1950 da na 1980, kuma saboda rashin tsabtace sirinji yadda ya kamata aka yaɗa musu wani ciwon hanta dabam, wanda ake kira nau'in C. A shekarun 1970 kamfanonin Bayer da Merck na Jamus suka fito da ƙwayar firazikwantel. Ana ba da miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum, a sha a rana ɗaya bayan an ci abinci. Ta kan sa ɗan jiri ko murɗar ciki na 'yan sa'o'i, sa'an nan ya wuce. Tun 2007 kamfanin Merck yake ba da ita kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, daga baya ya yi alkawarin har ƙwaya miliyan 250 a shekara, ita ce kuma ake rabawa a makarantun firamare bayan an auna tsawon yaro da sanda. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum fiye da miliyan 250 ne ke bukatar wannan magani a duniya, kashi 90 cikin ɗari a Afirka, Nijeriya kuwa tana sahun gaba. A 2022 ta ba da shawarar cewa duk garin da cutar ta kai kashi 10 cikin ɗari, a riƙa ba kowa magani kowace shekara tun daga ɗan shekara biyu.

Amma ƙwayar tana da iyaka. Tana kashe babbar tsutsa, ba ta cika kashe wadda ba ta gama girma ba. Ba ta hana sake kamuwa, wanda ya sha yau ya koma ruwa gobe ya fara sabon lissafi. Kuma, kamar yadda na faɗa, ba ta goge tsohon tabo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da ya rage gare mu

'Yan'uwana ɗalibai, roƙona gare ku guda huɗu ne. Na farko, duk wanda ya san ya yi mu'amala da ruwan dam ko na fadama, ya je a gwada shi, ko da ba ya jin komai. Na biyu, in kun koma gida ku tambayi ƙannenku, a asirce kuma cikin mutunci, ko suna ganin jini, domin yaro ya fi sakin jiki da yayansa a kan mahaifinsa. Na uku, ranar da aka zo rabon magani a makaranta, ku ne za ku tsaya ku kwantar wa iyaye hankali, ku kuma tabbata yaro ya karya kumallo kafin ya sha. Almajirai da yaran da ba sa zuwa boko su ne rabon ya fi tsallakewa, alhali sun fi kowa shiga ruwa, saboda haka ku yi wa alarammomi bayani cikin ladabi. Na huɗu, ku koya wa mutane abu mai sauƙi: ruwan da aka ɗebo aka ajiye kwana biyu, ko aka tafasa ya huce, ba ya sa wannan cuta in an yi wanka da shi. Mai aikin ban ruwa kuma, in da hali, ya sa dogon takalmin roba.

Yayyenmu ma'aikata, naku ya fi namu nauyi, kuma gobe mu ma za mu tarar da ku a ofisoshin nan. Faɗa wa manomin shinkafa kada ya shiga ruwa daidai yake da ce masa kada ya ci abinci. Abin da za a iya yi shi ne a hana ƙwan isa ruwan, a kuma hana katantanwar zama. Idan takardar sabon aikin ban ruwa ta zo teburinku, ku duba ko an sa masai a bakin gonaki, ko an sa rijiyar burtsatse da wurin wanki nesa da hanyar ruwa, ko an ware kuɗin yashe ciyawa, ko an nemi shawarar ma'aikatar lafiya tun kafin a fara haƙa. Mutanen lardin Yamanashi na ƙasar Japan sun yi fama da wani iri na wannan cuta shekaru aru-aru. Suka shafe hanyoyin ruwansu da siminti, suka yaƙi katantanwa, suka gyara sha'anin bayan gida, suka yi wa jama'a magani, har a 1996 aka ba da sanarwar cewa cutar ta ƙare a can. Ba da wani sihiri suka yi ba, injiniya da malamin gona da duba-gari da likita ne suka yi aiki tare shekara da shekaru.

Ɗan baffana ya san zan yi wannan jawabi. Na tambaye shi ko akwai saƙon da zan isar, ya ce in gaya muku shi ba kuɗin magani ne ya gagare shi ba, sunan ciwon ne bai sani ba, kuma cikin duk waɗanda suka yi boko a gidanmu ba wanda ya sani balle ya faɗa masa. Ni ma ina cikinsu. Yau dai duk wanda ke ɗakin nan ya ji sunan, ya kuma ji inda take shiga da abin da take bari.

 Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure kuma malamaina suna nan, sai su gyara mini. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kare mu da zuriyarmu, ya sa iliminmu ya amfani jama'armu. Amin.